Ranar da Ganɗoki Ya Ɓace Daga Laburare

Wata Litinin ce, ana saura mako biyu a fara jarrabawa, wata ɗaliba 'yar Sashen Hausa ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Baba, wai yanzu babu Ganɗoki a laburaren nan?" Na ce mata akwai, har guda huɗu, kuma biyu daga ciki ni na manna musu lamba da hannuna. Ta ce ai kwamfuta ta ce babu. Na tashi na bi ta zuwa inda ɗalibai ke neman littafi, na buga sunan da kaina, babu. Na buga sunan mai littafin, Bello Kagara, babu. Na buga "Hausa", kalmar da kullum take cika allo har ta tumbatsa, nan ma aka ce ba a sami komai ba. Da yammacin Juma'ar da ta gabata ne aka sabunta manhajar laburaren, aka ga ta buɗe lafiya, aka kulle ƙofa kowa ya tafi gida.

Littattafan suna nan a kan kanta, ko ɗaya bai motsa ba. Hanyar zuwa gare su ce ta toshe. Ni kuwa shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin share wannan hanya, tun tana ta katako da takarda, shi ya sa abin da ya faru a wancan makon ba ya faɗuwa daidai sai an koma baya.

Mahaifina malamin zaure ne. Littattafansa warƙoƙi ne marasa ɗinki, kowanne a cikin bangonsa, an ɗaure da tsirkiyar fata an sa a gafaka. Shafukan ba su da lamba. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma guda da mai kwafa ke rubutawa a can ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Idan almajiri ya zo da mas'alar gado ko ta alwala, Malam ba ya lalube. Yakan ce a miƙo masa gafaka ta uku daga bango, ya kwance, ya ɗaga warƙoƙi kamar goma, ya ɗora yatsa a kan layin. Duk abin da ake kira na'urar bincike a yau, a kansa yake. Da Allah ya yi masa rasuwa, sai da muka yi watanni da ƙannensa kafin mu san abin da ke cikin ɗakin, kuma akwai warƙoƙin da har yau ba mu gano na wane littafi ba ne.

Wannan matsala ta girmi kowa. A Bagadaza, wajen shekarar 987, wani mai sana'ar kwafa da sayar da littattafai da ake kira Ibn al-Nadim ya zauna ya jera duk littattafan Larabci da ya gani ko ya ji labarinsu, ya kasa su babi goma bisa fannoni, ya sa wa aikin suna Al-Fihrist. Kalmarmu ta fihirisa daga nan gidan ta fito. Sai dai fihirisar da aka rubuta a littafi tana da aibi guda: ba ta da wurin baƙo. Sabon littafi ya zo, sai dai a cusa sunansa a gefen shafi. An ga maganin wannan a Faransa a 1791, lokacin juyin juya hali, da gwamnati ta ƙwace littattafan majami'u, ta ba da umarnin a rubuta bayanin kowane littafi a bayan katin wasa, domin a wancan zamani bayan katin fari ne fes. Kati ɗaya, littafi ɗaya, kuma ana iya zura sabo tsakanin tsofaffi biyu ba tare da an taɓa sauran ba. A Amurka Melvil Dewey ya fito da tsarinsa na lambobi a 1876, sannan Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar ya fara buga katuna yana sayar wa sauran laburarori a 1901. Daga nan girman kati ya tsaya a santimita 7.5 da 12.5, da huda guda a ƙasa.

Irin wannan katin na tarar ranar da na kama aiki. Maigidana ya yi karatun aikin laburare a Zariya, a sashen da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1968, kuma mutum ne da ba ya ɗaga murya amma ba ya barin kuskure ya kwana. Kowane littafi sai an yi masa kati aƙalla uku: na sunan marubuci, na sunan littafi, da na abin da littafin ya ƙunsa. Tafiretarmu ta Ingila ce, ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, ba ta san ɓ ba. Sai mu buga k da d da b, mu zare katin, mu ɗauki baƙin biro mu yi wa kowanne ƙugiyarsa. Wanda ya yi wannan aiki shekara guda, ko a mafarki ya ga harafi ba ƙugiya hannunsa zai motsa.

A cikin kowace durowa akwai siririn ƙarfe da ke ratsa hudar katunan ya riƙe su. Sabon ma'aikaci ba shi da izinin zare shi. Kai dai ka nemo wurin katin ka tsayar da shi a bisa ƙarfen, kansa ya ɗan leƙo sama da na 'yan'uwansa. Washegari da safe maigida zai bi durowa-durowa ya duba duk katin da ya leƙo. In daidai ne ya zare ƙarfe ya sauke shi, in ba daidai ba ya ajiye maka shi a kan tebur ba tare da ya ce uffan ba. Dalilinsa, da ya faɗa mini sau ɗaya tak, shi ne littafin da katinsa ya shiga wurin da ba nasa ba daidai yake da wanda gara ta cinye, gara ma ta fi, domin ita ana ganin ɓarnarta.

Akwai wata gardama da aka yi a ofishinmu wadda a lokacin na ɗauka ƙarama ce. A ƙamus na Hausa, ƙ harafi ne mai cin gashin kansa, yana zuwa bayan an gama da k, haka ɗ bayan d, ɓ bayan b. To, a durowa fa? Wani abokin aikinmu ya dage a bi ƙamus. Maigida ya ƙi. Ya ce a gauraya su, a jera Ƙ a cikin K kamar abu ɗaya ne, amma a kan katin kansa kada a kuskura a bar ƙugiya. Hujjarsa ita ce littattafan da ke kan kantarmu ba su yi ittifaƙi a kan rubutu ba. Haruffa masu ƙugiya sai a shekarun 1930 suka zauna, zamanin da Rupert East ke Hukumar Talifi a Zariya, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 ta kai su ko'ina. Kafin nan wasu ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin harafi, wasu ɗan waƙafi a sama. Littattafan da ke zuwa daga Nijar suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Turawa kuwa sukan bar harafin tsirara. Ɗalibin da ya ga an rubuta Balewa a wani littafi, in ya zo neman Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a B zai duba, kuma laburare ba wurin yi masa jarrabawar rubutu ba ne.

Ga kuma katin "duba", wanda a ganina babu abin da ya kai shi nuna tausayin wannan sana'a ga mai nema. Sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi da yawa: Usman, Usuman, Uthman, dan Fodio, Danfodiyo, ibn Fudi. Sai mu zaɓi ɗaya mu tara littattafansa a ƙarƙashinta, sauran kuma kowacce mu yi mata kati mai layi biyu da ke cewa duba wuri kaza. Ta kowace ƙofa mutum ya shigo, akwai mai nuna masa hanya.

Kwamfuta ta shiga sana'ar nan tun kafin mu gan ta da idonmu. Tsakanin 1966 da 1968 wata mata mai suna Henriette Avram ta jagoranci aikin da ya haifar da tsarin MARC a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wato yadda za a yanka bayanin kati gida-gida a bai wa kowane gida lamba don na'ura ta gane: 100 gidan marubuci, 245 gidan sunan littafi, 650 gidan abin da ya ƙunsa. Har gobe da waɗannan lambobi ake aiki. Abin da ya iso gare mu shi ne CDS/ISIS, manhajar da UNESCO ta fitar don ƙananan kwamfutoci a 1985 tana rabawa kyauta, kuma ta bazu sosai a ƙasashe masu tasowa saboda ba ta bukatar babbar na'ura. A shekarun 1990 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta kawo wa laburarorin jami'o'in tarayya wata mai suna TINLIB a ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya. Mu ba jami'a ba ne, saboda haka ta UNESCO muka samu, a kan fulofi, bayan an tura ni kwas na mako biyu.

A wajen kwas ɗin ne na gane abin da ya cece mu shekaru da yawa daga baya. Manhajar ba ta bin littattafai ɗaya bayan ɗaya idan an tambaye ta. Tana da babban fayil inda bayanin kowane littafi yake a jere bisa yadda aka shigar da shi, daidai da rajistar da muke rubuta duk littafin da ya shigo. Sannan tana da wani fayil dabam, wanda ta tsinto kalmomi daga na farkon ta jera su bisa abacada, kowace kalma da lambobin littattafan da take ciki. Shi wannan na biyun ne ake tambaya. Da malamin ya zana shi a allo sai na ce a raina, ai wannan durowarmu ce. Har ma tana da wani ɗan tebur da ke faɗa mata waɗanne alamomi ne haruffa da kuma wane ƙaramin harafi ne ɗan'uwan wane babba. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar jera kalmomi, fayil na biyun yakan rikice, bincike ya riƙa kawo shirme ko ya ƙi kawo komai. Maganin shi ne a rushe shi a sake gina shi tun daga tushe. Na yi haka ya fi a ƙirga, ina zaune ina sauraron ƙarar janareta.

Ƙugiya kuwa ta sake zama abin wahala. Kwamfutocin farko a kan tsarin ASCII aka gina su, mai gurbi 128 kacal, an yanka shi daidai jikin Ingilishi. Masu buga Hausa suka nemi dabara: aka ƙera wasu nau'o'in rubutu na musamman da ke aron haruffan da Hausa ba ta amfani da su. Ka danna q ya fito ƙ, ka danna x ya fito ɗ, ka danna v ya fito ɓ. A ido da kan takarda abin ya yi kyau. Amma a cikin cikin na'ura q ɗin nan q ne, kuma ranar da aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan nau'in, sai ka ga "qasa" da "xaya" da "varawo". Duk wanda ya taɓa karanta kundin digiri na Hausa a kwamfuta ya san su. A laburarenmu, cikin shekara goma sha, mutane daban-daban sun shigar da littattafai: wani ya bar harafin tsirara, wani ya sa waƙafin sama, wani ya bi hanyar q da x. Babu ƙarfen da za a tsayar da kati a bisansa, saboda haka babu wanda ya bi baya ya duba.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bai wa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ gurbinsu na kansu, ko da yake an daɗe kafin amfaninsa ya iso teburinmu. Sai kuma zamanin manhajojin da ake shiga ta intanet. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Koha, an rubuta ta ne a 1999 don laburarorin gundumar Horowhenua a ƙasar Niyu Zilan, saboda tsohuwar manhajarsu ba za ta iya tsallake matsalar shekarar 2000 ba. Ta fara aiki a Janairun 2000, aka sake ta kyauta ga duniya, sunanta ma a harshen Mawori kyauta yake nufi. Mu ma daga baya muka kwashe kayanmu muka koma ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji. Ranar kwashewar na ga abin da ban taɓa gani ba: duk inda aka rubuta ƙ ta gaskiya sai ga Æ™ a allo, domin na'urar ta karanta harafi ɗaya a matsayin biyu. Wani matashin ma'aikacinmu ya gyara wannan. Ni kuma na zauna kusa da shi na ba shi labarin hukuncin maigida, na roƙe shi ya koya wa sabuwar manhajar ta gauraya Ƙ da K wajen nema. Ya buɗe wani fayil ya ƙara 'yan layuka, abu ya yi. Bayan shekara biyu ya sami aiki a wani gari. Ni ban rubuta abin da aka yi a ko'ina ba, alhali ni ne babba, ni ya kamata in rubuta.

To, mu dawo ranar Litinin. Yaron da ke kula da kwamfutocinmu a lokacin haziƙi ne, sa'an ɗana na biyu. Na same shi gumi ya jiƙa masa riga, yana shirin goge komai ya mayar da tsohuwar manhajar. Na ce, "Dakata tukuna, ɗana. Rajistar tana nan?" Ya ce, "Wace rajista, Baba?" Na ba shi lambar shigowar wani littafi da na haddace, na ce ya buɗe shi kai tsaye ta ɓangaren ma'aikata, ba ta wurin nema ba. Ya buɗe, ga bayanin nan cif, har da sunan wanda ya are shi na ƙarshe. Muka gwada biyar, duk suna nan. Na ce masa to kayanmu ba su ɓata ba, durowa ce aka zazzage.

Daga nan aikin ya koma hannunsa, domin shi ya san inda manhajar ke rubuta rahoton abin da ke faruwa da ita. Ya buɗe rahoton ya gangara zuwa yammacin Juma'a. Layi ɗaya ne ke ta maimaita kansa: ɓangaren da ke jera kalmomi ya nemi ya rubuta a ma'ajiyarsa an hana shi. Sabuntawar ta canza sunan da wannan ɓangare ke aiki da shi, ma'ajiyar kuwa tana nan da izinin tsohon suna, kamar a canza maigadi a manta ba a ba shi makulli ba. Tsohuwar fihirisar ma sabon zubin ba ya iya karanta ta. Ya gyara izinin, ya ba da umarnin a sake gini daga tushe. Muka roƙi a bar mana janareta bayan tashi daga aiki, muka yi Magariba da Isha'i a barandar laburare, lambobi na ta hawa a allo.

Talata da safe na buga "Hausa", allo ya cika. Yaron ya yi hamdala zai tafi. Na ce ya tsaya, na buga Ganɗoki da ƙugiyarsa. Guda ɗaya ya fito. Na buga Gandoki tsirara, biyu suka fito, ban da na farkon. Na buga Ɓalewa, na buga Balewa, kowanne da nasa jerin. Hukuncin maigida ya faɗi.

Yaron ya yi mamaki, domin ya san manhajar tana haɗa é na Faransanci da e ba tare da an gaya mata ba. Dalilin shi ne a tsarin Unicode é ana iya warware shi gida biyu, e da alamar da ke kansa, sai na'ura ta yar da alamar ta riƙe harafin. Ƙ ba ya warwaruwa. An yi masa rajista a matsayin harafi guda cur, kuma wannan ita ce gaskiyar Hausa, tunda ƙafa dabam kafa dabam. Saboda haka sai mutum ya zauna ya gaya wa na'ura da bakinsa. Na tuna da matashin nan da 'yan layukansa. Sabuntawa ta ɗora sabon fayil na asali a kan wanda ya gyara. Allah ya taimake mu yaron ya ɗauki kwafin komai ranar Juma'a kafin ya fara. Ya ajiye tsohon fayil da sabo gefe da gefe, ga bambancin nan: layukan da ke cewa ƙ da k ɗaya ne wajen nema, haka ɗ da d, ɓ da b, ƴ da y, manya da ƙanana, da wani layi da ke cewa a tsallake waƙafin sama. Ya mayar da su, muka sake gini, wani daren ya sake tafiya.

Wani malamin nazarin harshe da ya ji labari ya zo har ofis ya ce bai yarda da wannan gauraye ba. In ya nemi ƙasa, me zai sa a kawo masa kasa? Ya ce da irin wannan sassauci ne yara suka daina sa ƙugiya a rubutunsu na waya. Na fahimci zafinsa, ni ma abin yana ci mini rai. Amma na ce masa, "Malam, dubi allon." Sunan littafin yana fitowa da ƙugiyarsa daram, kamar yadda muke yi da biro. A wajen nema kaɗai aka sassauta. Wanda aka kawo wa littafi goma alhali bakwai yake so, zai tsallake uku cikin daƙiƙa. Wanda aka ɓoye wa uku ba zai taɓa sanin suna nan ba, zai rubuta a kundinsa cewa ba a yi aiki a kan batun ba. Bai ce ya gamsu ba, amma ya ce a bar shi haka.

Laraba Ganɗoki ya kawo uku. Na huɗun fa? Na je kanta na ɗauko shi, na karanta wa yaron lambarsa, ya buɗe. An shigar da shi da sunan Ganxoki. Ashe tun ranar da muka bar tsohuwar manhaja babu wanda ya taɓa samun wannan kwafi ta hanyar nema, kuma katin aron da ke bayansa ya tabbatar da haka. Wannan kuwa ba a gyara shi da layi guda, domin in aka ce wa na'ura x da d ɗaya ne, an ɓata duk littattafan Ingilishi. Sai da hannu.

Yaron ya fitar mana da jerin duk littattafan Hausa da ke da q ko x ko v a sunansu, shafi goma sha ɗaya. Kafin mu fara, na sa aka fito da tsohuwar tafireta daga sito, na buga bayanin layukan nan da sunan fayil ɗin a kan kati, na yi wa haruffan ƙugiya da biro, muka manna shi a jikin akwatin uwar kwamfutar inda duk mai zuwa sabuntawa zai gani. Ɗalibar ta zo ta ari nata a ranar, na ba ta na huɗun da gangan. Daga nan kullum bayan La'asar sai mu zauna, ni ina ɗauko littafi daga kanta ina karanta sunan yadda yake a bango, shi yana gyarawa. Ranar da takardar ritayata ta fito muna kan harafin M, a shafi na bakwai, na ja layi da jan biro a inda muka tsaya na miƙa masa sauran.